Ƙafar Kujerar da Ta Ɓalle a Motar Mijina

Daga:
Nafisa Auwalu,
Gida na huɗu, Layin Famfo,
Daurawa, Ƙaramar Hukumar Tarauni,
Kano.

Talata, 15 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga:
Alhaji Bashir Abdullahi,
Shugaban Ƙungiyar Haɗin Kan Masu Walda ta Gyadi-Gyadi,
Kano.

Game da: Ƙorafi a kan kujerar tsere ta ƙarfe da Malam Shehu Mai Get ya ƙera ya ɗaura a motar mijina, tare da roƙon izinin a duba aikin kafin ranar Asabar, 19 ga Oktoba, 2024.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Shugaba yana cikin ƙoshin lafiya shi da iyalinsa da jama'ar da yake jagoranta, ina neman a ba ni dama in gabatar da ƙorafina. Sunana Nafisa Auwalu, ma'aikaciyar jinya a ɗakin masu karaya na asibitin koyarwa. Ni ce matar Faruk Zakariyya, mai shagon kayan waya a Unguwa Uku. Allah ya ba mu 'yan biyu mata, Hasana da Husaina, shekarunsu uku da wata huɗu. Ban taɓa rubuta wa wata hukuma ƙorafi ba, don haka idan an ga kuskure a tsari a yi mini uzuri.

Shekara biyu ke nan mijina yana tayar da wata tsohuwar mota da ya saya babu inji, yana haɗa ta kaɗan-kaɗan da niyyar shiga gwajin gudu da ƙungiyarsu ta masu sha'awar motoci ke yi a wani fili a bayan gari. Ban taɓa hana shi ba. Sai dai motar ita kaɗai ce a gidan, ita ce kuma ake kai yara makaranta da ita. Abubuwan da suka faru su ne kamar haka:

1. A ranar Litinin, 2 ga Satumba, 2024, mijina ya kai motar shagon Malam Shehu Mai Get, ɗan wannan ƙungiya, domin ya ƙera masa kujerar direba ta ƙarfe irin ta tsere, mai rungume jiki, tare da ƙafafu huɗu da za a ɗaure ta da su a ƙasan motar. Ya kamata Shugaba ya sani tun daga nan cewa Malam Shehu aminin marigayi mahaifin mijina ne. Baba muke ce masa. Shi ya yi mana ƙofar gidan da muke ciki kyauta lokacin aurenmu, kuma har yau ko ƙara ba ta yi. Ba na musun gwanintarsa a ƙofa da taga da gado. Kujerar mota ce dai bai taɓa yi ba, shi da bakinsa ya faɗa.

2. A ranar Asabar, 21 ga Satumba, aka ɗaura kujerar. Ina wurin, na je ɗauko yara daga gidan yayata na biyo. A gabana Baba Shehu ya gwada aikin yadda ake gwada gado: ya hau kan kujerar da ƙafafunsa biyu ya yi tsalle sau uku, ya sauko ya buga mata guduma, ya ce ko buhun siminti goma aka ɗora ba za ta motsa ba. Kowa ya yaba, ni ma na yaba, don kujerar ta yi kyau, an goge ta sumul an fesa mata baƙin fenti. A lokacin ban yi tunanin cewa mota ba ƙasa take danna mutum ba, gaba take jefa shi. Wannan tunanin sai daga baya ya zo mini.

3. A ranar Litinin, 7 ga Oktoba, da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, mijina yana kai yara makaranta, ina gaba zai sauke ni a wurin aiki. Kusa da mahaɗar Unguwa Uku wani mai adaidaita sahu ya yanko gabanmu. Mijina ya taka birki. Ba gudu muke yi ba, ranka ya daɗe, don cunkoso ne. Ƙafar kujerar ta baya ta ɓangaren dama ta saki, kujerar ta tashi da shi gaba har ƙirjinsa ya bugi sitiyari, sannan ta dawo baya da nauyinsa gaba ɗaya ta sauka a kan ƙaurin Hasana, wadda ke zaune a bayansa. An ɗauki hoton ƙafarta a wurin aikina, Allah ya taƙaita babu karaya, amma ta kumbura, ta yi kwana huɗu ba ta taka ta. Ni da nake naɗa wa 'ya'yan wasu bandeji kullum, ranar sai da abokiyar aikina ta karɓa daga hannuna. Har yau in yarinyar ta ga motar sai ta ce kujerar Abba ta cije ta. Tun daga ranar a adaidaita nake kai su makaranta.

4. A ranar Laraba, 9 ga wata, mijina ya mayar da motar. Baba Shehu ya jajanta ƙwarai, har ya aiko wa Hasana da lemo da ayaba, Allah ya saka masa. Ya sake haɗa ƙafar kujerar a cikin ƙasa da awa ɗaya, ya goge, ya fesa fenti, ya sake hawa ya yi tsalle. Washegari Alhamis da na dawo daga aiki da la'asar na kwanta a bayan motar da fitilar waya da cokali, na kankare fentin. Ga abin da na gani, kuma ina roƙon a gyara mini idan jahilci ne:

Waldar ba ta zagaye ƙafar ba. Ɗigo uku ne kawai, irin wanda ake yi wa adon ƙofa, sannan aka bi da injin gurza aka share su har suka yi daidai da ƙarfen don kada a ga tudu. Sauran tsagar an cike ta da ƙullin da masu gyaran jikin mota ke shafawa kafin fenti. Da cokali na tone shi, yana zubowa kamar alli. Haka sauran ƙafafun uku suke.

Ƙarfen ƙafafun siririn bututu ne irin na taga.

Notikan da suka riƙe ƙafafun sun ratsa ƙasan motar ne a inda tsatsa ta ci, babu wani faranti mai kauri da aka sa ta ƙarƙashi ya tallafe su. Ɗaya har ya fara nutsewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bel ɗin da direba ke ɗaure jikinsa da shi. An yanke wurin da kamfani ya tanada a jikin motar don ɗaure shi, wai yana hana kujerar zama daidai, aka ɗaure bel ɗin a jikin kujerar kanta. Ma'ana duk ranar da kujerar ta tashi, da ita da bel da mutumin tare za su tafi.

5. A ranar Juma'a, 11 ga wata, bayan an sauko daga masallaci, na je shagon da kaina. Na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa hotunan da na ɗauka, na roƙe shi ko dai ya sake aikin da ƙarfe mai kauri da walda cikakkiya, ko ya yarda wani wanda ya saba da aikin mota ya duba. Bai yi mini faɗa ba. Ya yi dariya ya ce tun kafin a haife ni yake riƙe da wutar walda, shekara talatin da takwas babu ƙofarsa da ta taɓa faɗuwa, kuma walda mai tudu aikin ɗan koyo ce, shi ba ya sakin aiki da muni. Ya ce birkin ne ya yi ƙarfi, in koma gida in kwantar da hankalina, tsoro ne irin na mata. Na yi godiya na tashi, don ba a yi mini tarbiyyar mayar wa babba magana ba.

6. A ranar Asabar, 12 ga wata, na bi layin na tsaya a shaguna uku. Ba zan ambaci sunayensu ba don kada in jawo musu. Duk wanda ya kalli hotunan sai fuskarsa ta canza, ɗaya har ya yi salati. Amma da sun ji aikin wane ne, sai su miƙo mini wayata. Na ukun, dattijo ne, ya ce da ni: “Hajiya, ba ma sa wuta a kan wutar wani sai mai aikin ya sake shi, ko Shugaba ya ba da izini.” Na tambaya ko a wata unguwa fa? Ya ce in na kai Babban Giji ko Tarauni ma tambayar farko da za a yi mini ita ce wa ya yi, kuma babu wanda bai san Malam Shehu ba. A nan na fahimci cewa wannan ƙa'idar ƙungiya ce. Ina girmama ta, na san don zaman lafiyar masu sana'a aka kafa ta. Amma yau ita ce ta tsaya tsakanin mijina da gyaran abin da zai zauna a kai.

7. Game da mijina. Na nuna masa duk abin da na gani, ya kwanta shi ma ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Ya san gaskiya ce. Amma ya ce ba zai iya kallon idon mutumin da ya yi wa mahaifinsa wanka ya ce masa aikinsa bai yi ba, ba kuma zai iya kai motar wani wuri a ɓoye Baba ya ji a bakin mutane ba. Sunansa yana cikin waɗanda za su yi gwaji ranar Asabar mai zuwa, kuma Baba Shehu ya ce zai je ya ga kujerarsa a fili, har ya gaya wa maƙwabtansa. Mijina ya ce zai shiga amma zai bi a hankali. Ranka ya daɗe, a hankali muke tafiya ranar Litinin ɗin.

Ba a bayansa nake wannan rubutu ba. Yau da safe na gaya masa zan rubuto wa Shugaba. Bai ce in rubuta ba, bai kuma ce kada in rubuta ba. Ya ɗauki hularsa ya fita shago.

8. Dole in faɗi abin da ni ma na aikata, don kada a ji shi daga wani. Jiya Litinin, 14 ga wata, na ari sifana a wurin mai facin bakin layinmu na kwance notikan kujerar huɗu, suna cikin jakata. Na san noti ba wuyar samu yake ba a Gyadi-Gyadi, in mijina ya so kafin azahar ya sayi wasu, don haka wannan ba magani ba ne. Amma ina cikin kwance na ukun, kunnen ƙafar da noti ke ratsawa ya ɓalle ya zauna a tafin hannuna. Ita ce ƙafar da aka gyara ranar Laraba. Ban buga ba, ban ja da ƙarfi ba, ni ba mai ƙarfi ba ce.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon Shugaba abubuwa kamar haka:

Na farko, ya ba da izini a rubuce, ko ya aiko da wanda ya amince da shi cikin waɗanda suka san aikin mota, a zo a duba kujerar da ƙafafunta da wurin ɗaure bel kafin yammacin Juma'a, 18 ga Oktoba. Motar tana ƙofar gidanmu. Aikin safe nake yi duk wannan mako, daga ƙarfe uku ina gida.

Na biyu, idan an tabbatar da abin da na faɗa, a yarda wani ya sake ƙafafun, a mayar da bel inda yake tun asali. Idan lokaci ba zai isa ba, Shugaba da kansa ya ce wa mijina kada ya shiga gwajin. Daga bakin Shugaba zai zame masa uzurin da zai iya kai wa Baba. Daga bakina ba zai zama ba.

Na uku, ina roƙon kada a ci wa Baba Shehu fuska. Ban nemi a hukunta shi ba, ban nemi a kira shi gaban taro ba, ba na kuma neman a biya ni komai. Idan zai yiwu a yi gyaran a shagonsa yana tsaye, a ce an kawo masa taimako ne, hakan ya fi mini. Kakan 'ya'yana ne ta wajen zumunci, ina so in ci gaba da iya shiga gidansa ranar salla.

Na haɗo da kwafin takardar asibiti ta Hasana da hotuna shida. A cikin ƙaramar ambulan da ke maƙale kuma akwai guntun ƙarfen da ya ɓalle. Ni ban san walda ba, Shugaba ya sani. Ina roƙon ya zazzage shi a hannunsa, ya kankare fentin da farce, ya ƙirga ɗigon. Abin da zai riƙe uban 'ya'yana ke nan ranar Asabar, kuma in aka fito da shi daga filin a kwance, ɗakin da nake aiki za a kawo shi.

Ina jiran amsa kafin Juma'a. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci, ya sa albarka a sana'ar duk 'yan ƙungiya.

Taka cikin biyayya da girmamawa,

Nafisa Auwalu
(Matar Faruk Zakariyya, Maman 'Yan Biyu)
Layin Famfo, Daurawa.