Bayan Gada ta Uku

Orick, 3 ga Satumba

Wendell,

"Ko da wuƙa a wuyana, ba zan faɗa wa kowa inda Tsohuwa take ba." Kai ka faɗi haka a asibiti game da bishiyar nan tamu, hannunka cikin na Baba, ni ina tsaye da kofin ruwansa. Na sa maganarka gaba da gaisuwa don kada ka ce ka manta. Ga gaisuwar: ina fata kana lafiya, kai da Joyce da yara.

Littafinka na hanyoyin yawon daji ya iso ɗakin karatunmu. Da hannuna na manna masa lamba, sannan na buɗe shafi na tamanin da ɗaya: "Bayan gada ta uku, mai ido zai ga abin da ba a sa a taswira ba." Shekara ashirin da shida ina jera littattafai, ƙanena. Na san yadda marubuci ke tsegumi yana nuna kamar waƙa yake yi.

Ranar Lahadi na je. Mota goma sha ɗaya na ƙirga a bakin titi. Gindin Tsohuwa, inda ganye ke kai min ƙugu, ya koma fili tas, gansakuka duk ta tafi. Wani ƙato ya hau kan saiwarta ana ɗaukarsa hoto. Na ce ya sauka. Ya ce, "Haba Mama, itacen da ya shekara dubu biyu, takalmina ne zai kashe shi?" Na ce, "Kai ne na nawa yau?" Matarsa ta ja hannunsa ta ce, "Rabu da ita, ƙila kakarta ce."

Shi bai sani ba, amma kai ka sani. Irin wannan jan itacen, duk tsawon nan nasa, saiwarsa ba ta nitsewa, shimfiɗe take dab da saman ƙasa. Idan ƙafafu suka daddanne ƙasar, ruwa ba ya shiga. Na ja baya har inda ake hango ƙolinta. Ya soma bushewa.

Shekara ashirin Baba yana sare irinta wa kamfanin katako. Ita kaɗai ya ƙi shafa wa fentin sara, ya ce wa ubangidansa itatuwan kwarin da take ciki duk ruɓaɓɓu ne. Ƙarya ɗaya ya yi a rayuwarsa da yake alfahari da ita, kai kuma ka sa ta a shafi na tamanin da ɗaya.

Kada ka buga min waya, ba zan ɗauka ba. Tunda ka iya rubutu, rubuto.

Yayarka,
Lorna

Sacramento, 12 ga Satumba

Yaya Lorna,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya gwiwar? Joyce na gaishe ki, ta ce in tambaya ko kin samu zumar da ta aiko.

Wasiƙarki ta iso, har yanzu kunnena na zafi. Ban ambaci sunanta ba, ban zana taswira ba, layi ɗaya ne kawai. Na yi magana da masu buga littafin, za su cire shi a bugu na gaba. Sai dai gaskiya ba zai yi wani amfani ba. Mutane sun riga sun sa wurin a intanet da hotuna, har da yawan takun da za a yi daga gada.

Akwai abin da ban so faɗa ba, amma kin ce in rubuto. Kafin in rubuta layin nan, na je ni kaɗai bara, ban biya ta gidanki ba don na san za ki tsare ni da miya da faɗa. Kin tuna dokar Baba? Ba a shiga ta wuri ɗaya sau biyu, kuma a kan faɗaɗɗun gungumomi ake tafiya, ba a taka ƙasa. Yakan ce, "Wanda ya bar sawu, shi zai ɗauki kayan kowa a dawowa." To, bayan gada ta uku na tarar da turba. Siririya ce, amma ko makaho zai bi ta, tun daga titin ƙafa har gindin Tsohuwa. A gefen hagunta ga ƙananan ramuka a jere, irin na bakin sanda.

Wa ke riƙe sanda a hagu, Yaya?

Da na ga haka na ce a raina sirrin ya riga ya fasu, layina ba zai ƙara komai ba. Na yi kuskure, na yarda. Amma ba ni kaɗai ba.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki,
Wendell

Orick, 29 ga Satumba

Wendell,

Zumar ta iso, ka yi wa Joyce godiya.

Sandata ce. Tun da aka yi min aikin gwiwa ba na iya hawa gungume. Na ce sau ɗaya zan bi ta ƙasa, sai ya zama kowace Lahadi, shekara huɗu. Ina ganin ganyen yana kwanciya, ina kawar da kai. Sati biyu na yi da wasiƙarka a aljihu ina neman inda ka yi ƙarya, ban samu ba. Amma ka ga turbar, ka san ta wace ce, ba ka zo ka ce min "Yaya, daina" ba. Gida ka koma ka nemi kalmomi masu daɗi.

Na gwada gyarawa. Na jawo rassa na toshe bakin turbar, yini guda cur. Da na koma an watsar da su, wani mai taimako har ya ɗaura jan ƙyalle a reshe don kada na baya su ɓata.

Na tari Corinne, ma'aikaciyar gandun dajin nan da ke aron littattafan tsuntsaye. Ta ce sun san ana shiga wani wuri, amma idan aka nuna musu a rubuce za su iya rufe kwarin gaba ɗaya, da tara ga duk wanda aka kama. Ta ce, "Har ke fa, Lorna. Kada ki zo kina min idon nan naki." Na ce, "Idan aka rufe za ta warke?" Ta ce, "Ni da ke ba mu da tsawon ran da za mu sani."

Ka zo mu yanke shawara tare. Mu biyu muka ɗauki alkawarin.

Lorna

Sacramento, 8 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa. Watan nan da wuya, ina da taron masu karatu har uku. Don Allah kada ki je ofishin nan. Baba bai taɓa yarda da su ba, kuma idan suka rufe ke za ki fi kowa cutuwa. Mutane suna da saurin mantuwa. Damina na shigowa za su daina zuwa, ki gani.

Naki,
Wendell

Orick, 15 ga Oktoba

Wendell,

Ina gaishe ka. Jiya mota goma sha tara, cikin yayyafi.

Asabar, 25 ga wata, ƙarfe takwas na safe, zan tsaya a gada ta uku. Idan ka zo, za ka riƙe min hannu mu bi ta kan gungumomi yadda aka koya mana, mu gan ta sau ɗaya. Idan ƙarfe tara ta yi ban gan ka ba, ba zan shiga ba, don ni kaɗai sai ta ƙasa, kuma na gama taka ta.

Ko ka zo ko ba ka zo ba, Litinin da safe zan je ofishin gandun daji, in buɗe taswirarsu, in ɗora yatsana a wurin. Kai ka karya alkawarin da layi mai daɗi. Ni da cikakken sunana zan karya nawa, in sa hannu a ƙasa.

Ka taho da takalmin ruwa, gungumomin suna da santsi.

Yayarka,
Lorna