Na Gina Wa Iya Ɗaki, Tumatir Ya Tare

Assalamu alaikum Goggo Halimatu. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin rana ta kayar min da mahaifiya. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, kuma ina roƙon ki sakaya sunana, ko da yake duk mai bin ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure zai gane gidan, tunda yanzu har allo aka kafa mana a ƙofa.

Ni malamin firamare ne, ina kuma taɓa noman albasa da rani. Mahaifiyata, Iya, ta haura saba'in, tana fama da hawan jini. Ɗakinta na bulo ne da rufin kwano, babu silin, ni na gina mata shi shekara tara da suka wuce. In bazara ta shigo, ɗakin nan ko kaza ba ta yarda ta kwanta a ciki. Bara sau biyu muna ɗaukar Iya a adaidaita zuwa asibiti, likita ya ce zafi ne yake tayar mata da ciwon.

Ana cikin haka wani dattijon garinmu, Malam Dalhatu, tsohon ma'aikacin ruwa da ya yi ritaya, ya je wata bita ta kwana uku a Kano. Ya dawo da injin hannu mai matse tubali, da kuma wa'azin da har yau bai sauka daga kansa ba. Ya ce mun bar jar ƙasa a ƙarƙashin ƙafarmu, mun bar ɓuntun shinkafa ya yi tsauni a bayan injinan casa ana cinna masa wuta, mun je muna gasa kanmu a cikin kwano. Muka kafa ƙungiya mu goma sha tara, muka sa mata suna Ƙasarmu Ta Ishe Mu, aka ba ni sakatare saboda rubutuna yana karantuwa. Tsarin shi ne gayya: a haɗu a gina wa mutum ɗaya, in an gama a koma kan na gaba. Aka jefa ƙuri'a ta faɗo kaina. Wallahi Goggo har hawaye na yi, na ce Iya ta huta.

Asabar bakwai muka yi muna aiki. Bango mai kauri, ƙananan tagogi a can sama don iska mai zafi ta fice, silin na asabari da ɓuntu a kai. Filin da ya rage mana a gefen zaure yake, nan muka yi shi. Gaskiya ɗaki ya yi. In ka shiga da tsakar rana sai ka ji kamar ka tsoma ƙafa a ruwan kanal na ban-ruwa.

Ban gaya wa Iya nata ba ne sai da aka gama, don ina son in ba ta mamaki. Na riƙo hannunta na kawo ta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta shafa bangon, ta sansana tafin hannunta, ta tambaye ni laifin da ta yi min. Ta ce shekara arba'in da wani abu ta yi a ɗakin ƙasa, duk gabanin damina ita ce kwaɓa, ita ce yaɓe, ita ce tara kwanoni a ƙarƙashin yoyo. Ta ce mahaifina ya rasu da alkawarin bulo a bakinsa, ranar da na cika masa alkawarin har waina ta raba wa maƙwabta. Yanzu kuma wai ina son ƙawayenta su ce ɗanta ya karye ya mayar da ita inda ta fito. Ta ce ta san ƙasa tana jiran ta, amma ba sai na yi mata gaggawa ba. Ta juya ta koma cikin kwanonta.

Ɗaki ya zauna babu kowa kwana goma. Lokacin kuma tumatir ya yi yawa, kowa ya san yadda yake narkewa a bakin titi kafin motar Kudu ta zo. Sai Usaini, ɗaya daga cikinmu, ya roƙe ni ya ajiye kwando huɗu na kwana biyu. Motarsa ba ta zo ba sai bayan kwana takwas, aka buɗe aka tarar da tumatir garau kamar yanzu aka tsinko shi.

Wannan shi ne mafarin wahalata. Aka kira taron gaggawa, Malam Dalhatu ya yi bayani mai tsawo cewa duk wanda guminsa ya shiga bango yana da haƙƙi a sanyin da bangon ya haifar. Aka kaɗa ƙuri'a, sha takwas suka yarda, ni kuma da hannuna na rubuta a littafin taro. Washegari suka zo da alli suka raba ɗakin. Kowa ya nemi layin da ya ɗora ya rubuta sunansa, har aka yi cacar baki a kan kusurwar gabas, don mutum biyu kowa ya rantse shi ya gina ta. Ni rabona ya faɗo a bayan ƙofa.

Daga nan sai suka fara zuwa duba tumatir bayan azahar. Mutum ya shigo da sallama, ya ɗaga ganyen da ke kan kwandonsa, ya gyaɗa kai, ya shimfiɗa buhu a gefe. Akwai ranar da na ƙirga magidanta goma sha ɗaya a kwance tsakanin kwanduna, minshari har cikin gida. Matata ta daina daka da rana don kada ta tashe su. Iya tana can cikin zafi tana fifita da murfin kwano.

Sai ga baƙi daga wata ƙungiya a Kano, waɗanda suka koya wa Malam Dalhatu aikin, da mota da na'urar auna zafi. Suka auna ciki, suka auna waje, suka yi ta tafi. Da suka ji an gina ɗakin ne don wata tsohuwa mai hawan jini, sai suka ce a fito da ita a ɗauki hoto. Na shiga na roƙi Iya, ta ce in gaishe su. Ina fitowa na tarar Usaini ya hau babur ya ɗauko gwaggonsa, wata tsohuwa da ake kira Tambaya, an zaunar da ita a ƙofar ɗakin tana murmushi da tumatir a hannu. Ban ce komai ba Goggo, kuma wannan shirun yana damuna. Bayan mako biyu aka kawo allo aka kafa a ƙofar gidanmu, da hoton Tambaya, an rubuta a ƙasa wai Iya ta samu sauƙi.

Iya ba ta karatun boko, amma jikokinta suna yi. Ranar da aka karanta mata ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno da sandarta, ta zo ta zauna a ƙofar ɗakin. Ta ce ba za ta shiga ba, amma tunda ita ta haife ni, babu wata Iya da za ta shiga, babu ɗan wata Iya da zai shiga, kuma abin da ke ciki ya shiga kenan. A lokacin Mudassiru mai gyaran injin ban-ruwa, uban 'ya'ya shida, yana ciki yana barci. Da ya farka ya leƙo ya ga sanda, sai ya koma. Bai fito ba sai da ta tashi alwalar magariba. Tumatir biyar ya ci ɗanye, ya yi taimama da bango ya yi la'asar. Malam Dalhatu da ya ji, sai ya ce in ƙara wannan a jerin amfanin ginin ƙasa.

Yau kwana shida kenan. Tun hantsi take fitowa, sai rana ta faɗi take komawa, kuma wurin babu inuwa. Ko da dare ba wanda ya isa ya keta maganarta ya shiga. Ɗakin da na gina don in raba ta da zafi shi ya fito da ita tsakiyar rana. Kwando talatin da ɗaya na ciki sun fara wari. 'Yan ƙungiya sun ce na ci amana, sun dakatar da gini na biyu, wanda na Saliha ne, wata mai takaba da ke sayar da nono, ita kuma ruwan bara ya rushe mata ɗaki, damina ga ta nan tafe. Abu ɗaya na lura da shi, ban san ko yana da ma'ana ba: ƙofar ba ta rufuwa sosai, sanyi yana fitowa ta ƙasa, kuma kullum kujerar Iya tana ɗan matsawa baya. Jiya ƙafar kujerar ɗaya tana kan dokin ƙofa.

Goggo, in rushe ɗakin ne, ko in fita daga ƙungiyar, ko in tattara in bar garin? Ni dai na rasa inda zan sa kaina.

Naka cikin damuwa,
Mai Rabo A Bayan Ƙofa

*

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka rushe komai, kada ka je ko'ina. Ka ajiye jaridar nan ka nemo itace huɗu da zana ka kafa rumfa a kan inda Iya take zama, yau ɗin nan. Ka ajiye mata randa a gefe, ka kuma kai ta a auna jininta cikin makon nan. Sauran maganar duk tana iya jira, wannan ba ta jira.

Niyyarka kyakkyawa ce, kuma ɗakinka ya yi aikin da aka gina shi dominsa, magidanta goma sha ɗaya sun shaida. Amma ka yi kuskure tun farko. Ka yi Asabar bakwai kana gini a gidan da take, ka yi shawara da mutum goma sha takwas, ba ka yi da mai ɗakin ba. Kai sanyi ka gani a bangon nan. Ita kuwa bayanta ta tuna, da shekarun da ta yi tana sunkuye a kan kwaɓi. Ba gardamar tsufa ba ce. Ka je ka durƙusa ka ba ta haƙuri a kan rashin shawara, ka ba ta haƙuri na biyu a kan shirun da ka yi ranar hoto, don wannan ya fi yi mata ciwo. Kada ka haɗa ban-haƙurin da bayanin amfanin tubali. Ta ji ya ishe ta.

Allon nan a cire shi. Abin da ke jikinsa ba gaskiya ba ne, kuma baƙin da suka kafa shi ba su san an yi musu canjin tsohuwa ba. Kai ne sakatare, ka rubuta musu ka faɗi yadda aka yi. Kunyar wuni ɗaya ce. Ita Tambaya kada a ga laifinta, ɗauko ta aka yi, a kai mata hotonta ta rataye a ɗakinta.

Su kuma 'yan ƙungiyarku, ba mugaye ba ne. Mutanen da suka ba ka Asabar bakwai na ƙarfinsu sun cancanci a yi musu magana da mutunci, kuma manomin da ke kallon tumatirinsa na narkewa zai iya gano hujja a ko'ina. Sai dai hujjar ba ta tsaya ba. Ka tambayi Malam Dalhatu a gaban kowa, cikin ladabi, ko waɗanda suka taɓa yi masa gayyar dashen shinkafa suna da layi a gonarsa. Ladan gayya shi ne in naka ya zo a yi maka. Ka nemi a soke wancan hukunci, a rubuta sabo: ɗakin da aka gina wa mutum nasa ne, da bangon da sanyin.

Amma kada ka je musu da hani kawai. Ba da niyya ba kun gano abin da garinku ya fi buƙata, wato ma'ajiyar kayan gwari. Ku nemi fili a wajen mai gari, kusa da titi, ku gina ta da sunan ƙungiya, ku tanadi tabarmi tunda kun san halinku. Sai dai bayan ɗakin Saliha. Ita ba ta ajiye kwando ba, ba ta yi barci a gidan kowa ba, bai kamata ruwa ya same ta a waje saboda rigimarku ba. Ranar Asabar ka riga kowa zuwa filinta da cebur ɗinka, ko da kai kaɗai ne. Za su biyo ka.

Kwandunan da ke ciki, Iya za a roƙa, ba kai ba. Masu su su zo da kansu su gaishe ta, su nemi izini, su kwashe, su goge allinsu, su wanke ɗakin. Maganar kujera kuma, ka gani, na gani, kada wanda ya ji daga bakinka. In ka nuna ka lura, gobe za ka tarar da ita a tsakar gida.

In an yi duk wannan, ka tambayi waɗanda suka koya muku aikin irin shafen da ya dace da wannan tubali, wanda ba zai hana bangon shan iska ba. A shafe shi sumul, a yi daɓen siminti a ƙasa, a gyara ƙofa, yadda babu ƙawar da za ta shafa ta ga ja a hannunta. Sannan ka je ka tambayi Iya launin da take so. Duk wanda ta zaɓa, ko da irin wanda ake hangowa daga Madobi ne, ka shafa, ka ce ya yi kyau.

Allah ya ba Iya lafiya da nisan kwana, ya yi maka albarka, ya sa damina ta tarar da Saliha a cikin ɗakinta.

Goggo Halimatu Sa'adiyya