Bencin Baya

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina hutawa. Ni dai ban huta ba, raina a ɓace yake, kuma ke nake so in faɗa wa.

Ranar Asabar na je nazarin Maganar Allah a Kafanchan. Malamin ya rubuta wata kalmar Helenanci a allo, katakrima. Ya ce ita ce hukuncin da alƙali kan yanke bayan an gama shari'a, har da azabar da ke biye. Ya ce shi Almasihu ya ɗauka a kan gicciye, don haka babu sauransa a kan wanda ya ba da gaskiya. Mutane suna ta amin.

Ke na tuna, a bencin baya na majami'armu ta Fadan Kagoma. Da Baba ya rasu kika koma dafa burkutu don mu ci, dattawan ikkilisiya suka sa ki ƙarƙashin horo. An ce na ɗan lokaci ne, har muka girma kina can. In an zo jibin Ubangiji, farantin gurasa ya wuce ki kina sunkuye. Baikon kuɗin da kike bayarwa a majami'a kuwa ba su taɓa ƙi ba. Kuma ni ce mai wanke ƙorai, Mama, na san dattijon da ke shigowa ta bayan gida ya sha.

Ban ce kada ikkilisiya ta tsawata ba. Amma wa a cikinsu ya taɓa zaunar da ke ya ce horonsu daban, hukuncin Allah daban? Sun sani sarai, sun karanta. Suka ƙyale ki kina ganin kamar sama ma ta rufe miki ƙofa.

A asibiti kika riƙe hannuna kika ce, "Saratu, anya zai karɓe ni?" Na ce zai karɓe ki. Kika yi murmushi kika ce ai ni ba fasto ba ce. Da wannan tsoron kika tafi. Ran jana'izarki aka hana zumuntar mata ɗaura zanen zumunta, ke da kika koya wa rabinsu waƙa.

Yanzu Anti Ladi, matar marigayi Kawu Bitrus, suka kai wurin nan naki, kan laifi iri ɗaya. Zanenki na zumunta yana cikin akwatina. Ranar Lahadi zan ɗaura shi in zauna kusa da ita, in gaya mata abin da suka ƙi gaya miki. In ta ce ni ba fasto ba ce, sai in buɗe mata wurin a cikin Maganar Allah ta karanta da idonta. Dattawa su waiwayo su kalle ni son ransu.

Ubangiji ya ba ni ikon yafe musu, don har yau na kasa. Ke kuma, uwata, na san kin riga kin ji amsar daga bakinsa. Ya zaunar da ke a teburinsa, inda faranti ba zai ƙara wuce ki ba. Amin.

Ni ce 'yarki mai kewarki,
Saratu