Kwikwiyon da Na Yi wa Baba Alkawari

Dubai,
Nuwamba 2020.

Zuwa ga Yaya Zailani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Ni lafiyata ƙalau, ina cin abinci, ina zuwa aiki. Tun ranar da kuka binne shi, jirage a tsaye saboda korona, har yau ban yi kuka ba. Ba ƙarfin hali ba ne. Abin ne bai zo ba.

Ka tambaye ni ko a haɗa Guguwa, karyar farautar Baba, da karen Kawu Dikko, ko a jira kwikwiyon da na yi wa Baba alkawari. Bari in gaya maka yadda ake ciki. Maigidana yana kiwon karnukan Turai masu nuna tsuntsu: kare ya ji ƙanshi sai ya ƙame, hancinsa na nuni, har maharbi ya iso. Amma ba don farauta yake kiwonsu ba, don gasa ne a ƙasashen waje, inda alƙalai ke duba gudu da kyan tsayuwa. Akwai wata karya a cikinsu, Najma, ba ta da gudu. Tana bin iska a hankali, ba ta nisa da mutum, kuma ban taɓa ganin ta wuce tsuntsu a cikin ciyawa ba. Ita na riƙa ba Baba labari a waya. Ya ce wannan ita ce kare, sauran dawaki ne, in ta haihu in kawo masa namiji.

Watan jiya maigida ya ce khalas, wato shi ke nan, jininta zai rage wa zuriyar gudu, a cire mata mahaifa. Na roƙe shi ya bari ta haihu ko sau ɗaya. Ya dafa kafaɗata, ya ce habibi, wato abokina, ba mai ba da kofin gasa don an cika tukunya da nama. Ba mugu ba ne, abin da ya sa a gaba ke nan. Ni na kai ta wurin likitan dabbobi, ni na riƙe kanta har allura ta kama ta. Na tsaya ina kallon bango. Da aka gama na wanke hannu, na sha shayi, na koma share keji.

Saboda haka kada ku jira ni, Yaya. Guguwa tana tsufa. Ku kai ta gidan Kawu kafin sanyi ya wuce. In ta haihu, ka zaɓi wanda ya fi natsuwa ka riƙe, ko da shi ne na ƙarshe a gudu. Kada ka turo mini hotonsa tukuna.

Ka gaida Inna, da Saratu da yara, da ƙanwarmu Mariya. Ka ce wa ƙanenmu Idris ya riƙa shafa wa bindigar Baba mai.

Naka ƙane,
Ɗalhatu.