Ɗan Layin da ke Gaban Biyu

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya jikin matarka? Tunda waya ba ta shiga inda kake, dole na koma wa biro.

Baba yana nan a asibiti, hawa na uku, inda ake kwantar da masu ciwon zuciya. Bakin nan nasa dai bai yi ciwo ba. Kullum ƙorafinsa sanyin ɗakin, har sai da Umma ta kai masa bargonsa na gida. Likita ya ce in ya ji sauƙi za a sauko da shi hawa na biyu, wurin masu murmurewa, daga can sai gida. Umma ta riƙe biyun nan kamar addu'a.

Ka san ta da tsoron lif. Ranar da muka kawo shi na tsaya ina kallon madannan, na ga sifili a tsakiya, ɗaya zuwa biyar a samansa, sai wasu ɗaya da biyu a ƙarƙashinsa, kowanne da ɗan layi a gabansa. Baba yana kan keken marasa lafiya, numfashi da ƙyar, amma sai da ya yi min karatu irin na tsohon magini. Wai sifili doron ƙasa ne, mai layi kuwa ƙasa ake ƙirga shi, kamar zurfin tushen gini. Ya ce kuɗin makarantata asara ne. Na yi dariya. Umma ba ta ji ba, idonta a rufe yake tana salati.

Ka sa shi a addu'a. Umma tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Ranar Talata da safe Umma ta je ita kaɗai, ni ina wurin aiki. Ta tarar da gadon Baba babu kowa, an canja zanen. Ma'aikaciyar da ke kan tebur sabuwa ce, ta ɗauka likita ya riga ya yi mana magana. Ta rubuta lamba a 'yar takarda, ta ce wa Umma ta dawo da wani nata. Umma ta ga biyu. Ba ta ko nemi ɗakin ba, gida ta garzayo ta ɗora tukunya, don ya kwana uku bai ci abin kirki ba. Har maƙwabta ta yi wa albishir.

Da na dawo da rana ta miƙo min takardar tana murmushi. Na ga layin. Na tambaye ta, ta ce biron yarinyar ne ya zame. Yaya, na san abin da ke ƙasan ginin nan, a rubuce yake a jikin lif. Ɗakin ajiye gawa ne. Amma sai na taya ta zuba abinci a kula, na ɗaukar mata jaka. Har yau ina jin haushin kaina.

A cikin lif, karon farko a rayuwarta, ita ta kai hannu da kanta. Yatsanta na dab da biyun sama, na kama hannun na sauko da shi, muka wuce sifili. Ta kalle ni. Da ta ji abin ya yi ƙasa da mu, sai ta ajiye kular a hankali. Ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi min, ko sun bar masa bargonsa, tunda ba ya son sanyi.

Mun kai shi makwancinsa bayan la'asar. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri. Takardar tana ƙarƙashin matashinta, ta hana a yar.

Ka zo gida, Yaya. Ni kaɗai ba zan iya ba.

Ƙanwarka,
Auta