Ɓerayen Sun Fara Tafiya

Mama,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Yaya Baba, yaya jikin ƙanena Tobiya? Ni lafiya lau, sanyin Glasgow ne kawai bai saba da ni ba.

Na ji kin tashi a coci kin ba da shaida cewa na samo maganin ciwon da ya shanye ƙafafun Tobiya, har zumuntar matan Mayo Gwoi suka yi rawa. Mama, ni ce na yi azarɓaɓi a waya. A jikin ɓeraye muka gwada maganin, kafin ya kai ga mutum sai an yi shekaru. Kunya ce ta hana ni kira.

Allah ya ba ku haƙuri da ni. Kada ki saya masa takalmin tukuna. Ki dai ce masa ɓerayen sun fara tafiya.

'Yarki,
Godiya