Allon da Na Kafa wa Fensir

Zuwa ga ɗana Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya ciwon bayan nan naka? Ni dai alhamdu lillahi, in ban da gwiwa. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙe. Ka san ban taɓa zama a aji ba, a jikin allunan shaguna na koyi rubutu, hannuna bai san ƙanana ba.

Ka ce in sa wa 'yarka Fensir ido, in gaya maka aiki take ko zaman banza. Na sa ido har ya yi ja, ban gane ba. Da safe takan shirya kamar mai zuwa ofis, ta yi mini sallama, ta yi taku huɗu, ta shige ɗakin da nake ajiye gwangwanayen fenti. Na tambaye ta waye maigidanta, ta ce ba ta da shi. Ina shagon? Ta nuna kwamfuta. Masu kawo aikin fa? Wai ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Shekara arba'in da biyu na yi ina rubuta allo, ban taɓa yi wa aljani aiki ba.

Akwai takardar da ta liƙa a bango, wai shawarwarin 'yan zaurensu na waya ne, masu zane da masu rubutu irinta. Wai a rubuta yarjejeniya kafin a fara aiki. Wai gyara sau biyu kawai ake yi wa mai aiki. Wanda ya fi ɗaure mini kai, wai ka tara samfurin aikinka ka baza kowa ya gani. Na ce mata mu a zamaninmu kundin samfur a akwati yake kwana, Gurgu da ya koya mini sana'a ko matarsa ba ta taɓa ganin nasa ba. Ta ce shi ya sa ba wanda ya san Gurgu. Ka ji bakin 'yarka.

Yanzu wata maɗaba'a ta ba ta zanen bangon littafi. Sau biyu suna dawo da shi, wai ba rai a jiki. Ta ce kun yi alkawari, in wata ya ƙare ba su karɓa ba, za ta tattara ta koma wurinka ta kama aikin ofis ɗin da ka samo mata. Ka ce in lallashe ta ta taho tun yanzu. Ba zan yi ba. Ba don kaɗaici ba, kada ka fara. Tsakar gidan ce dai ta saba da tsintsiyarta.

Ka gaishe da kowa.

Mahaifinka,
Mai Burushi


Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ƙaramar ta warke daga tarin.

Na yi ɓarna, ko kuma na yi gyara, har yau ban tantance ba. Na zauna na yi tunani, na ga matsalar yarinyar nan guda ce: ba ta da allo. Ta yaya aiki zai sami mutumin da ba a san ƙofarsa ba? Sai na ciro murfin tsohon teburi, na goge, na shafa shuɗi, na rubuta da fari da inuwar ja: ANA ZANE DA RUBUTU A NAN. Na kafa a ƙofar gida tana ɗaki.

Auta, allo ya yi aiki. Kafin azahar mai aski ya zo a zana masa kawuna shida. Wata ta zo a rubuta wa mai gidan hayarta takarda a kan rufin da ke yoyo. Mai nama ya zo da hoton bijimi a zana masa. Ni na zauna a bakin ƙofa ina tsara layi, ina jin kaina kamar da. Yarinyar tana jin nauyin maƙwabta, ta kasa korar kowa. Kwana uku cur ba ta taɓa bangon littafin ba. Rana ta huɗu ta fito ta tumɓuke allon, ta ce, "Tsoho, ka kashe ni! Masu aikina ba ta wannan layin suke bi ba." Ta yi kuka. Na ce abincin ma na ƙoshi, na shige ɗaki.

Ga inda kaina ya kulle. Ashe ta ɗauki hoton allon ta tura zauren nan nasu don a taya ta takaici. A ciki akwai wata mai gyaran rubutu a maɗaba'ar, ita ta nuna wa manyanta. Sai ga saƙo, wai irin waɗannan baƙaƙen suke nema tun farko. Allon da ya kashe ta kuma shi ake so. To kashewar ya yi ko rayarwa?

Yanzu tana bina da "angona, angona", wai in fito da kundina ta ɗauki dukkan baƙaƙen ta sa a kwamfuta. Na ce in sun shiga can, kowane ɗan iska ya danna ya sami abin da na sha duka kafin in iya? Ta ce ana rubuta sharaɗi. Na ce ɓarawo ba ya karanta takarda. Gurgu a hannuna ya danƙa kundin nan yana kwance, ya ce kada ido ya gani. Saura kwana tara wata ya ƙare. Jiya na ga ta sauko da jakarta daga kan kwaba tana kakkaɓewa.

Ka taya ni da addu'a, ba da shawara ba.

Mahaifinka,
Mai Burushi


Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ka da iyali, Allah ya sa kuna ƙalau.

Na buɗe akwatin. Ba don na yarda ba, dubawa kawai na je yi. Na ɗaga kundin, sai bango ya taho a hannuna, cikin ya zube kamar gari. Gara ta cinye shi tas. Shekara nawa ina gadinsa kada ɗan Adam ya gani, ashe masu karatun suna ciki. Na daɗe a durƙushe. Fensir ta same ni a haka. Ta fita ta dawo da burushi da farar takarda, ta ajiye a gabana.

Na ce Gurgu kundi ya hana a nuna, bai yi maganar baƙaƙen da ke cikin kaina ba. In na mutu da su, ni ma gara ce za ta gada.

Kwana shida muka yi. Hannu ya tsufa, amma kai bai manta ba. Kowane baƙi da shagonsa nake tuna shi. Mai doguwar ƙafar nan na allon mai gyaran rediyo ne, wanda gobara ta ci. Mai ƙugiya na telan da ke kusurwa ne, wanda ya ɗinka maka rigar makaranta hannu ɗaya ya fi ɗaya. Ina zanawa ina ba ta labari, tana rubutawa, wai shi ma wannan abin aiki ne. Ban gane ba, na ƙyale ta.

Amma kafin in tsoma burushi na sa ta ta rubuta yarjejeniya, tunda su suka ce haka ake yi. Sunan Gurgu a gaba, nawa a baya, duk inda baƙaƙen suka je. Gyara kuma sau biyu. Da ta dawo mini da wani baƙi karo na uku wai cikinsa ya yi girma, na ɗaga sandata na nuna mata takardar da ta liƙa a bango. Ta ce kaka da jika ba haka. Na ce ni ban san jika ba, mai kawo aiki na sani.

Maɗaba'a ta karɓi bangon shekaranjiya. Jaka ta koma kan kwaba. Ka ba wa wani kujerar ofis ɗin nan, Allah ya saka maka.

Abu ɗaya ya rage da nake so ka bincika mini wurin masu ilimi. Ta ce yanzu ni ma irinsu ne, mai aikin kansa, har ta sa ni a zauren. Ita ke kawo aikin, ni ke gindaya sharaɗi, ɗakin nawa, kwamfutar tata. To tsakanina da ita, waye maigidan wani?

Allon kuwa na nan, ta rataye shi a cikin ɗaki, inda ba mai wucewa. Wai nan ne ake ganinsa ta cikin kwamfuta.

Mahaifinka mai ƙaunarka,
Mai Burushi